DOMIN TUWON GOBE AKE WANKE TUKUNYA: Darasi a kan Noma Mai Ɗorewa da Lafiyar Iyali



Darasinmu na wannan wata ya shafi gona da rumbu da tukunya. An shirya shi domin a karanta a taron Zumuntar Mata, da na maza, da na matasa, da kuma majami'un ƙauye inda katekis yake jagorancin sujada. Yawancin jama'ar Dayosis ɗinmu manoma ne, waɗanda ba sa noma kuwa daga hannun manomi suke ci. Saboda haka babu wanda zancen bai shafa ba. Muna roƙo a karanta shi a tsanake, sashe bayan sashe, a kuma tattauna tambayoyin da suke ƙarshe.

1. Matsalar da take gabanmu

A ko'ina kuka ɗaya ake ji daga bakin manoma: ƙasa ta gaji. Gonar da take cika rumbu biyu a zamanin iyayenmu, yau da ƙyar take cika ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jama'a sun yi yawa, gonakin gado sun rarrabu, babu wanda yake da filin da zai bari ya yi saura na wasu shekaru kamar da. Bayan girbi akan kwashe kara da harawa ƙaƙaf, abin da ya rage a cinna masa wuta. An sare itatuwa domin girki da gawayi, iska da ruwa kuma suna kwashe ƙasar sama mai albarka. Damina ma ta zama ba ta da tabbas.

Da yawa sun ɗora begensu a kan takin zamani kaɗai. Amma farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukuren, ya ƙara hawa bayan janye tallafin man fetur a Nijeriya a 2023. Manomin da ya dogara ga buhun kanti kaɗai ya ga cewa abincin 'ya'yansa yana rataye a kan abubuwan da suke faruwa a ƙasashen da bai taɓa gani ba.

Ga jigon darasin nan: amfanin da ƙasa take ba mu rance ne. Kowane damin dawa da muka ɗauko, mun ɗebi wani abu daga ƙarfinta. Wanda yake mayar mata da abin da ya ɗiba, shi da jikokinsa za su ci gaba da ci. Wanda yake ɗiba bai mayar ba, bashin yana taruwa, yara ne kuma suke biyansa da jikinsu. Noma mai ɗorewa shi ne noman da yake ciyar da gida bana, ba tare da ya rage wa gonar ƙarfin ciyar da shi baɗi ba.

A taron ƙoli na duniya a kan abinci da aka yi a birnin Roma a 1996, an amince cewa wadatar abinci ta wuce cikar rumbu. Sai abincin ya samu, kowa ya iya kai hannu gare shi, ya zama mai tsabta mai gina jiki, ya kuma kasance haka a kowane lokaci na shekara. Da wannan ma'auni za mu auna kowace dabara da za mu ambata.

2. Ciyar da ƙasa

Ƙasa mai rai tana ɗauke da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Waɗannan su ne suke sa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta kuma riƙe takin da aka zuba mata. Idan suka ƙare, ko an zuba takin zamani, ruwan sama yakan wanke mai yawa daga cikinsa kafin shuka ta amfana.

Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe da sanin wannan. Shekaru aru-aru suna noma gonaki ɗaya kowace damina ba tare da hutu ba, duk da yawan jama'a. Sirrinsu shi ne tumaki da awaki a ɗaure a gida suna cin harawa da kara, takinsu yana komawa gona, ga kuma tokar murhu da sharar birni da jakuna suke kaiwa a mangala tun da rani. Dabba tana ci daga gona, gona tana ci daga dabba.

Kowane gida yana iya haƙa ramin taki. A riƙa zuba kashin dabbobi, da busasshen ganye, da toka, da sharar tsakar gida, bene a kan bene. A tsince leda da kwalba da tsohon batir. A yayyafa ruwa ya yi danshi, a rufe, a riƙa juyawa lokaci lokaci. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe ya yi baƙi. Idan aka kai shi gona, a binne shi cikin kunya, kada a bar shi tsibi tsibi rana da iska su cinye ƙarfinsa.

Takin zamani yana da amfaninsa, musamman idan ya tarar da takin gargajiya a ƙasa. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da take Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan kaɗan, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, idan aka sa shi a gefen kowane ramin shuka, yana ƙara amfanin gero da dawa ƙwarai. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi mudu kaɗan zai fi cin riba ta wannan hanya da ya watsa shi a faɗin gona.

3. Itace a cikin gona

A farkon shekarun 1980 yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya kusa zama tsirara. Fari na 1972 zuwa 1974 ya riga ya yi ɓarna, iska tana binne tsiron gero da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. An dasa itatuwa masu yawa da aka rena a lambu, amma yawancinsu sun mutu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sarewa a lokacin sassabe toho ne na tsofaffin kututtura, waɗanda saiwoyinsu suke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar kuɗi. Manomi yakan zaɓi kututturan da yake so a gonarsa, a kowanne ya bar rassa mafiya ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski, ya kuma tsare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe. Manoman Nijar suka sa wa wannan aiki suna sassabin zamani.

Da farko an yi wa masu yinsa dariya, domin a ganin mutane gona mai tsabta ita ce wadda babu ko tsinke a cikinta. Yunwar 1984 ta sa da yawa suka gwada. Amma abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne tabbacin cewa itacen da mutum ya rena nasa ne, abin da dokar daji ta Nijar ta 2004 ta ƙarfafa. Masu binciken da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, abin da ya ƙara hatsi kimanin tan 500,000 a shekara.

Sarkin itatuwan gona shi ne gawo. Yana zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki daidai lokacin da ake bukata. Da rani ya yi kore, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Duk manomi ya san cewa geron da yake ƙarƙashin gawo ya fi na fili. Haka kuma kuka da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da magarya da aduwa, kowannensu yana kai wani abu tukunya ko kasuwa. Rassan da aka aske suna rage wa mata da 'yan mata doguwar tafiyar neman itacen girki.

4. Tsare ruwan sama

A kan faƙo, ruwa yakan gudu ne kawai ya tafi da ƙasa. Wani manomi na yankin Yatenga a Burkina Faso, marigayi Yakuba Sawadogo, ya inganta wata tsohuwar dabara da ake kira zai, wadda a Nijar ake ce mata tassa. Tun da rani akan haƙa ramuka masu faɗin kimanin taƙi ɗaya da zurfin da ya kusa haka, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwa ya sami wurin shiga. Idan damina ta sauka sai a shuka a cikin ramin. Manoman Illela ta jihar Tawa sun koyo wannan a ƙarshen shekarun 1980, suka mai da faƙon da aka yasar gonaki. A 2018 aka ba Sawadogo da Rinaudo lambar girmamawa ta duniya mai suna Right Livelihood.

A wuraren da suke da tuddai da ruwa mai yawa, darasin ɗaya ne: a yi kunya a gicciye da gangare, a jera duwatsu ko a dasa ciyawa mai ƙarfin saiwa a inda ruwa yake bi, a toshe ƙaramin kwazazzabo tun bai ci gona ba. A kuma bar wani ɓangare na kara a kwance a gona ya rufe ƙasa. Ƙona gona yana ba da toka kaɗan ta shekara ɗaya, yana hallaka abincin ƙasa na shekaru.

5. Haɗa shuka da juya ta

Idan ka tumɓuke wake ko gyaɗa ko waken suya, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙananan halittu da suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da muke saya a buhun yuriya. Shi ya sa masarar da ta bi bayan waken suya ko gyaɗa takan fi kyau. Iyayenmu da suke shuka wake a tsakanin gero da dawa sun san amfanin, ko da ba su san sunan sinadarin ba.

Juya shuka yana kuma yaƙar wuta-wuta. Wannan ciyawa tana manne wa saiwar dawa da gero da masara tana tsotse su tun kafin ta fito fili. Tana son ƙasar da ta gaji. Guda ɗaya tana zubar da dubban iri, irin kuma yana iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Saiwar waken suya takan sa irin ya tsiro, amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Saboda haka a juya hatsi da waken suya, a ƙara taki, a cire wuta-wuta kafin ta yi iri, a kuma nemi irin da yake jure mata daga wurin malaman gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA ta Ibadan sun fitar da irin masara da wake masu jure wannan annoba.

Gona mai amfani iri-iri garkuwa ce. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari suke yaɗawa ta hallaka gyaɗar arewacin Nijeriya, ta taimaka wajen kawo ƙarshen dalar gyaɗa ta Kano. Wanda ya zuba dukan ƙarfinsa a kan abu ɗaya domin kasuwa, ranar da abin ya faɗi ba shi da madogara. Wanda yake da dawa da wake da rogo da gurjiya da 'yan awaki, in ɗaya ya ƙi, wani zai karɓa.

6. Rumbu

Hasarar da ake yi bayan girbi tana da zafi, domin an riga an sha wahalar. Ƙwari sukan mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Domin tsoron haka wasu suna zuba magungunan feshi masu dafi a cikin abin da za a ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba. Abin da baƙi suka ƙi, shi 'ya'yanmu suke ci.

Akwai hanya mai lafiya. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Idan aka busar da wake sarai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin sukan mutu don rashin iska. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi.

A kula kuma da fumfuna a masara da gyaɗa. Tana haifar da guba mai suna afulatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana kuma da hannu a tsumburewar yara. A yi shanya a kan tabarma ko tamfol, kada a yi a ƙasa tsirara. A tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi a zubar, kada a ba yara ko kaji.

Kafin a kai hatsi kasuwa da kaka, bari maigida da uwargida su zauna tare su ƙidaya bakin da suke ci da watannin da suka rage. Abin baƙin ciki ne mutum ya sayar da arha a watan Nuwamba, ya sayo da tsada a watan Agusta.

7. Daga gona zuwa tukunya

Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Yawancin waɗannan yara 'ya'yan manoma ne. Cikinsu yakan cika da tuwo da kunu, amma jikinsu yana jin yunwar abin da hatsi kaɗai ba ya bayarwa. Kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, su ne mafi muhimmanci. Abin da yaro ya rasa a lokacin na girman jiki da na ƙwaƙwalwa, da wuya a mayar masa da shi duka daga baya.

A nan ne gona da tukunya suke haɗuwa. Waken da ya ciyar da ƙasa shi ne yake gina jikin yaro. Itacen da ya tare iska shi ne yake ba da kuka da daddawa. Akuyar da ta ba gona taki ita ce take ba da nono, kaza kuma ƙwai. Zogale da alayyafo da rama da kabewa da gwanda a bayan ɗaki, ana ba su ruwan da aka wanke hatsi, suna kawo bitamin A mai tsare ido daga dundumi, ganyayen kuma suna taimakon mai ƙarancin jini. Dankali mai jan ciki ma yana da bitamin A sosai.

Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Bayan haka a ci gaba da shayarwa, a ƙara masa kunu mai kauri. Garin da ake kira Tom Brown ana haɗa shi a gida: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa mai kyau, a soya kowanne sarai, a niƙa tare. Iyaye maza, wannan magana taku ce. Kada a sayar da dukan wake da ƙwai, a bar wa mai ciki da yara tuwo da ruwan miya. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame ƙwarai yana da tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

8. Hasken bangaskiya

Littafin Farawa ya nuna cewa aikin da aka fara ba mutum a gonar Adnin kashi biyu ne: ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Littafin Firistoci sura 25 ya umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, yana tuna wa Isra'ila cewa ƙasar ta Allah ce. Yusufu ya ceci Masar da maƙwabtanta domin ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi. Marigayi Paparoma Faransis, a wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, ya koyar cewa lalacewar ƙasa da wahalar matalauta matsala ɗaya ce.

Wannan aiki yana bukatar salama da haɗin kai. Akwai 'yan'uwanmu da yawa da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Mu tuna da su cikin addu'a, mu kuma raba musu abinci da iri. A da makiyayi yakan sauka a gona bayan girbi, shanunsa su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi hatsi. Inda za a iya farfaɗo da wannan yarjejeniya bisa gaskiya da adalci, a gaban masu unguwa da dattawan ɓangarorin biyu, kowa zai amfana. Itacen da mutum ɗaya ya rena ba zai tsira ba sai ƙauye duka ya yarda a tsare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne suke gonakinmu a da waɗanda suka ɓace? Kututturansu suna nan?
2. Me muke yi da kara da harawa da kashin dabbobi bayan girbi?
3. A wane wata ne hatsi yake ƙarewa a yawancin gidajenmu, kuma me ya sa?
4. Iri nawa na abinci ƙaramin yaro ya ci jiya a gidanka?
5. Wa ya kamata mu zauna da shi a ƙauyenmu domin a yi dokar tsare itatuwan gona?

Aikin wannan wata

Kada a ɗauki dukan dabarun nan a lokaci ɗaya. Kowane gida ya zaɓi ɗaya, ya gwada a gefen gona, ya bar sauran yadda ya saba, domin da kaka ido ya gwada biyun. Kowace majami'a mai fili ta haƙa ramin taki, ta kuma rena kututtura goma. A ranar godiyar kaka a kawo rahoton abin da aka gani tare da baiko.

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ba da iri ga mai shuka da abinci ga mai ci, ka koya mana mu riƙe ƙasarka da aminci. Ka aiko da ruwa a kan kari, ka mai da waɗanda aka kora zuwa gonakinsu lafiya, ka ƙosar da yaranmu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.